Mary Breckinridge: Matar da ta kai wa masu ciki ungozoma har gida a kan doki

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wata mace 'yar ƙasar Amurka mai suna Mary Breckinridge, wadda ta rayu daga 1881 zuwa 1965. Watakila da yawa daga cikin masu karatu ba su taɓa jin sunanta ba, da yake ba ta yi sarauta ba, ba ta kuma ƙago wani magani ba. Abin da ta yi shi ne ta samo ma'aikatan jinya waɗanda suka koyi aikin ungozoma, ta zaunar da su a ƙauyukan da ko hanyar mota babu, ta ba kowace doki da mangala, ta sa su riƙa bin mata masu ciki har gida tun watanni kafin ranar naƙuda. Da wannan ne aka wayi gari mace mai ciki a wani lungu na matalauta ta fi sauran matan ƙasar samun tsira wajen haihuwa.

An haife ta ranar 17 ga Fabrairu, 1881, a birnin Memphis, a gidan manya. Kakanta John C. Breckinridge ya yi mataimakin shugaban ƙasar Amurka daga 1857 zuwa 1861. Mahaifinta Clifton ɗan majalisa ne, daga baya aka naɗa shi jakadan Amurka a Rasha daga 1894 zuwa 1897. A can Rasha aka haifi ƙanenta, kuma wata ungozoma mai horo ce ta karɓi haihuwar. Yarinyar ta riƙe wannan a ranta, domin a ƙasarsu a lokacin masu hali likita suke kira, marasa hali kuwa sai tsohuwar unguwa, babu wani abu a tsakani.

Ta yi aure a 1904 da wani lauya mai suna Henry Morrison, amma ba a cika shekara biyu ba ciwon afendis ya kashe shi. Bayan rasuwarsa ta shiga makarantar koyon jinya ta asibitin St. Luke da ke birnin New York, ta gama a 1910. A 1912 ta sake aure, ta auri Richard Thompson, shugaban wata makarantar 'yan mata a jihar Arkansas. Allah ya ba su ɗa namiji a 1914, suna kiransa Breckie. A 1916 ta haifi 'ya mace bakwaini, aka sa mata suna Polly, amma sa'o'i shida kawai ta yi a duniya. A watan Janairu na 1918 Breckie ma ya rasu, bai daɗe da cika shekara huɗu ba. Auren kansa bai yi ƙarko ba. A 1920 kotu ta raba su, ta koma amfani da sunan gidansu, ba ta kuma sake yin aure ba.

Mu da aikin ikkilisiya ke kai mu gidajen makoki mun san yadda uwar da ta binne ɗanta take. Wata takan rufe ƙofa, ba ta son ko jin kukan yaron maƙwabta. Babu mai ganin laifinta. Mary kuwa sai baƙin cikin ya tura ta waje. A shekarar da Breckie ya rasu ta zaga jihohi tana yi wa iyaye jawabi a kan lafiyar yara, ta kuma yi jinyar mutane a birnin Washington sa'ad da annobar mura ta 1918 ta ɓarke. A 1919 ta tafi Faransa tare da wata ƙungiyar agaji ta matan Amurka, wadda ke taimakon ƙauyukan da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ragargaza a yankin Aisne. Can ta shirya aikin ma'aikatan jinya masu bin gida gida, suna duba yara da masu ciki da masu shayarwa.

A Faransa ne idonta ya buɗe a kan abin da ya zama aikin rayuwarta. Ta ga ungozomomin Faransa sun iya karɓar haihuwa amma ba su koyi jinya ba. Ma'aikatan jinyar Amurka kuwa sun iya jinya amma ba su koyi karɓar haihuwa ba. Matan Ingila da ta yi aiki da su ne kaɗai suka haɗa biyun, mace guda ta duba mai ciki, ta karɓi haihuwa, ta kuma kula da mara lafiya a cikin gidan. Sai ta ga irin wannan ma'aikaciya ce ƙauyukan ƙasarta suke bukata, inda a shekarun 1920 mata fiye da 6 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 1,000.

Ba ta yi garaje ba, kuma wannan na cikin abin da ya fi burge mu a tarihinta. Da ta koma gida sai ta ƙaro karatu a kan lafiyar jama'a a jami'ar Columbia. Sa'an nan a 1923 ta nufi duwatsun gabashin jihar Kentaki, jihar kakanninta, ta hau doki da alfadari ta yi tafiyar mil wajen 650 a cikin ƙananan hukumomi uku, wato Leslie da Knott da Owsley. Ta zauna da ungozomomin gargajiya 53 ɗaya bayan ɗaya tana yi musu tambayoyi. Yawancinsu tsofaffi ne, kimanin shekara 60, ba su taɓa samun wani horo ba. Ba sa duba mace kafin naƙuda, sai ciwo ya kama a je a kira su. Akwai al'adar sa gatari a ƙarƙashin gadon mai naƙuda, wai don ya yanke zafin ciwo. Rahoton da ta rubuta a kansu mai zafi ne, mu kuwa muna ganin ya kamata a yi musu adalci. Waɗannan tsofaffi su ne suke tashi cikin dare suna ƙetare rafi sa'ad da babu kowa, abin da suka gada shi suka yi. Laifin yana ga ƙasar da ta bar su ba koyarwa, ba kayan aiki.

Da yake babu makarantar ungozoma irin wadda take so a Amurka, sai ta tafi Landan tana da shekara 42, ta zama ɗaliba a asibitin mata da jarirai da ke Woolwich, ta sami takardar shaidar hukumar ungozomomi ta Ingila a 1924. Daga nan ta wuce arewacin Sikotlan, inda akwai tsibirai da tsaunuka masu wuyar shiga, ta ga yadda aka rarraba ma'aikatan jinya ƙauye ƙauye, kowace da kwamitin mutanen gari da ke tsaya mata, da likita a nesa wanda za a kira in abu ya gagara. Wannan tsari ne ta ɗauko ta kawo gida.

Ranar 28 ga Mayu, 1925, aka kafa ƙungiyar a garin Frankfort, da sunan kwamitin Kentaki na iyaye mata da jarirai. A 1928 aka sauya sunan zuwa Frontier Nursing Service, ma'ana aikin jinya na can bakin daji inda hanya ta ƙare. Ƙaramar hukumar Leslie aka zaɓa, mai mutane kimanin 10,000, babu titin mota, babu lantarki, hanyoyin sai gefen rafi ko ma cikin rafin. Abu na farko da ta sa aka yi shi ne bin gidaje ana ƙidaya haihuwa da mace-macen shekarun baya, domin nan gaba a iya gwadawa a ga ko aikin ya yi amfani. Sa'an nan aka buɗe ɗakin shan magani na farko a garin Hyden da ma'aikata biyu, Edna Rockstroh da Freda Caffin, dukansu sun koyi aikin ungozoma a Ingila. Ita kanta ta gina gidan katako a gefen kogi, ta sa masa suna Wendover. Nan ne ofishin ƙungiyar, nan kuma ta zauna shekara arba'in.

A 1928 aka buɗe asibiti mai gado 12 a Hyden, bayan an sha wuyar jawo kayan gini da keken alfadarai. Zuwa 1930 an gina ƙananan cibiyoyi shida a cikin duwatsu, aikin ya mamaye ƙasa mai faɗin murabba'in mil 700. An tsara kowace cibiya yadda gidajen da take kula da su ba za su wuce kimanin mil 5 daga gare ta ba, wato tafiyar sa'a guda da ɗan wani abu a kan doki. Ma'aikaciya tana kwana a nan, tana tashi a nan, ta san kowane gida da sunan kowane yaro. Tana da mangala iri biyu, ɗaya ta kayan jinya, ɗaya ta kayan haihuwa a ɗaure a shirye dare da rana. Ƙa'idarsu ita ce, muddin miji ya iya isowa ya kira ta, to ita ma za ta iya bin sa, ko ana ruwa, ko ƙanƙara ta rufe hanya, ko kogi ya cika. Yaran yankin har suka ɗauka a cikin mangalar nan ake kawo jarirai, iyaye kuma ba su musa musu ba.

Labarin hawan doki cikin dare shi ne ya fi daɗin ji, shi ne kuma jaridun Amurka suka fi bugawa. Amma a ganinmu babban aikin an yi shi ne da rana tsaka, watanni kafin naƙuda. Ana roƙon mace ta ba da sunanta tun cikin yana ƙarami. Daga nan ma'aikaciya za ta riƙa ganinta a kai a kai, ko a cibiya ko a gida. Za ta auna hawan jini, ta gwada fitsari, ta duba ƙafafu da fuska ko sun kumbura. Dalili shi ne ciwon jijjiga, wanda ke kashe mace da abin da ke cikinta, ba ya faɗowa haka kawai. Yakan aiko da alamu tukuna: jini ya hau, wani sinadari ya bayyana a fitsari, jiki ya kumbura, kai ya yi ta ciwo, gani ya dushe. Wadda ake dubawa za a gane da wuri a kai ta asibiti. Wadda ba a dubawa kuwa sai an gan ta a ƙasa tana taune harshe. Haka nan ma'aikaciya za ta shafa ciki ta ji yadda yaro ya kwanta, ta auna ƙugu ta ga ko zai iya wucewa. In ta hango matsala, sai a shirya tun da sauran lokaci a ɗauko macen zuwa Hyden, maimakon a ɗauko ta a kan makara bayan ta kwana biyu tana naƙuda.

Tare da awon akwai koyarwa. Ana zama da mace a ɗakinta a nuna mata abincin da ya kamata ta ci daga abin da gonarsu ke bayarwa, da yadda za ta tanadi tsummoki masu tsabta, da alamun da in ta gani za ta aika a kira ma'aikaciya ba tare da jira ba. Ranar haihuwa ana tafasa ruwa da almakashi da zare, ma'aikaciya ta wanke hannu sosai. Kada mu raina wannan. A shekarun farko na aikin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin magungunan salfa sai a tsakiyar shekarun 1930 suka fito, fenisilin kuwa sai a shekarun 1940. In zazzaɓin jego ya kama mace, sai dai addu'a. Saboda haka tsabtar hannu ita ce maganin. Bayan haihuwa ma ba a barin mai jego, ana komawa duba ta da jaririn a kwanakin farko, a ga ko jini ya tsaya, ko cibiya ta bushe lafiya, ko yaro yana kama nono.

Mary ta gane da wuri cewa ba za a iya kula da mai ciki a bar sauran gidan ba. Ina amfanin a karɓi yaro lafiya, ya shekara biyu gudawa ta kashe shi saboda ruwan rijiya? Don haka ma'aikaciyar da ta zo awon ciki ita ce za ta yi wa yara allurar rigakafin taifot da mashaƙo da agana, ta ba su maganin tsutsar ciki, ta sa maigida ya haƙa masai nesa da ruwan sha, ta zuba magani a rijiya. Ita ce kuma za ta leƙa ɗakin tsohon da ke kwance da ciwon zuciya, ko mai tarin fuka, ta nuna wa iyali yadda za su kula da shi da yadda za su kare kansu. Irin waɗannan cututtuka masu daɗewa ba a gama da su da zuwa asibiti sau ɗaya. Suna bukatar wanda zai dawo mako mai zuwa ya tambaya ko an sha magani, ya kuma ga gidan da idonsa. Da yake likita yana nesa, wani kwamitin likitoci a birnin Lexington ya rubuta wa ma'aikatan littafin ƙa'idoji, wanda ya nuna abin da aka yarda su yi da kansu, da maganin da za su bayar, da inda dole su tsaya su nemi likita.

Aikin ba kyauta ba ne gaba ɗaya. Iyali na biyan dala 1 a shekara don jinya, haihuwa kuma dala 5, tun daga awon ciki har jego. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo ƙwai, ko masara da ciyawar doki, ko ya yi aikin gyaran shinge. Ba a korar kowa don rashin biya. Wannan kuɗi bai isa ya riƙe aikin ba, saboda haka Mary ta shafe rayuwarta tana yawo a manyan birane kamar New York da Boston da Chicago tana neman taimakon masu hali. 'Yan matan gidajen masu kuɗi sukan zo aikin sa kai na 'yan makonni, suna kula da dawakai suna kai saƙo tsakanin cibiyoyi. A 1931 ta faɗo daga kan doki ta karye a ƙashin baya, ciwon bai rabu da ita ba har ƙarshen ranta. A wannan lokaci kuma tattalin arzikin Amurka ya karye, gudummawa ta ragu, aka rage ma'aikata, waɗanda suka rage suka haƙura da abin da ya samu na albashi.

Abin da ya rufe bakin masu shakka shi ne lissafi. Kowace haihuwa a rubuce take dalla-dalla. Da aka cika 1,000 sai aka miƙa takardun ga Dokta Louis Dublin, masanin ƙididdiga na kamfanin inshora na Metropolitan Life, mutumin da ba ma'aikacinsu ba ne. A 1932 ya ba da sakamako cewa babu mace ko ɗaya da ciki ko naƙuda ya kashe kai tsaye. Biyu da suka rasu, cututtukan da suka daɗe a jikinsu ne sanadi, irin su ciwon zuciya. Ya ƙiyasta cewa da dukan matan Amurka za su sami irin wannan kulawa, da an ceci iyaye mata 10,000 a kowace shekara. Daga 1925 zuwa 1954, mata kimanin 9 ne suka rasu a kowace haihuwa 10,000 a hannun ma'aikatanta, alhali a tsakanin fararen matan ƙasar baki ɗaya adadin ya kai kimanin 34. Yawancin waɗannan haihuwa kuwa a gida aka yi su, a ɗakin katako, da hasken fitila.

Akwai abin da ba za mu ɓoye ba. Mary ta tashi a gidan da ya yi yaƙi a ɓangaren masu riƙe da bayi, kakan nan nata ma janar ne a rundunar Kudu, kuma ba ta rabu da ra'ayin gidansu game da baƙar fata ba. Wajen neman kuɗi takan jawo hankalin masu bayarwa da cewa mutanen duwatsun nan tsantsar jinin Turawan Ingila ne, don haka sun cancanci a cece su. A zamaninta ƙungiyar ba ta ɗauki baƙaƙen ma'aikatan jinya ba. Ga mace mai ibada, 'yar ikkilisiyar Episkofal, wadda ta ɗauki shekaru tana neman shawarar ruhaniya daga wata mai keɓe kai don addu'a a birnin York na Ingila, amma wannan makanta ta zauna mata. Mu da muke baƙaƙe ba mu karanta wannan sashe da daɗin rai ba, a lokacin kuwa matan baƙaƙen Amurka sun fi fararen mutuwa wajen haihuwa nesa ba kusa ba.

A 1939 Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, yawancin ma'aikatanta 'yan Birtaniya suka koma gida don yi wa ƙasarsu aiki, ba kuma halin tura 'yan Amurka Landan koyo. Aikin ya kusa durƙushewa. Sai ta buɗe makarantar ungozoma tata a Hyden a watan Nuwamba na wannan shekara, da ɗalibai biyu. Daga shekarun 1940 motocin jif suka fara maye gurbin dawakai sannu a hankali, haihuwa ma ta riƙa komawa asibiti. A 1952 ta wallafa tarihin rayuwarta mai suna Wide Neighborhoods. Ta ci gaba da shugabancin aikin da shirya mujallarsa har ta rasu a Wendover ranar 16 ga Mayu, 1965, tana da shekara 84, aka binne ta a Lexington.

Bayan rasuwarta, a 1970, makarantar ta ƙara sashen horar da ma'aikatan jinya na iyali, waɗanda ke duba kowa a gida daga jariri har tsoho, har da masu hawan jini da ciwon sukari. A 1998 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki mai hotonta, a 2011 kuma makarantar nan da ta fara da ɗalibai biyu ta zama jami'a. Littattafan aikin sun nuna cewa a cikin shekara hamsin na farko, daga 1925 zuwa 1975, an karɓi haihuwa 17,053, iyaye mata 11 ne suka rasu.